Hannun da Ya Ƙage Bayan Ƙuna: Yadda Ja da Turi Ke Sarrafa Zaren Aktin a Cikin Tabo

Ƙunar da ta faɗa a lanƙwasar gaɓa, wato cikin gwiwar hannu, hammata, wuya ko bayan gwiwar ƙafa, tana da halinta daban. Ciwon yakan rufe, iyaye su yi hamdala, a daina zuwa wanki, sai bayan wata biyu ko uku a lura gaɓar ta ƙi miƙewa. Lamarin da zan bayyana irin wannan ne, na wata yarinya 'yar shekara takwas a Garwa, ƙasar Kamaru, da aka kawo mana sashen gashin ƙashi. Na zaɓe shi don yana nuna a fili abin da masu binciken ƙwayoyin halitta suka daɗe suna aunawa a ɗakunan gwaji: ƙwayar jikin mutum tana jin ja, tana jin turi, kuma amsar da take bayarwa ita ce gina wani zare a cikinta da ake kira aktin.

Yarinyar tana taya mahaifiyarta suyar ƙosai ne da asuba a ƙofar gida, cikin watan Disamba, lokacin da sanyin hunturu ke sa yara matsawa jikin murhu. Kaskon ya goce, mai ya kwararo mata daga tsakiyar damtsen dama har ƙasan gwiwar hannu, ta ciki. Aka shafa man goge baki da ɗanyen ƙwai, wata maƙwabciya ta kawo gashin zomo aka manna. Ruwa kuwa ba a sa ba, don an ce yana sa ƙuna ta yi bororo. Wannan magana tana ci mini rai duk lokacin da na ji ta, domin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, da za a yi ta kwararawa na minti 20 shi ne abin da aka tabbatar yana rage zurfin ƙuna, kuma yana nan a randar kowane gida. Sai da ciwon ya fara wari aka kai ta wata cibiyar lafiya, inda aka yi ta wanke mata shi har kusan mako shida kafin ya rufe. A duk tsawon lokacin nan hannun yana naɗe a ƙirjinta. Goggonta ma ta ɗaura mata ɗankwali a wuya ta rataye shi, don a haka ne kawai yarinyar ke samun barci.

A watan Maris muka gan ta. Tabon ya yi tudu, ya yi tauri, launinsa tsakanin ja da baƙi, ga ƙaiƙayi har tana sosawa da haƙori. In aka gwada miƙe hannun sai wani tsirin fata ya taso daga damtse zuwa sangalin hannu, ya yi fari saboda jini ya gudu daga cikinsa, hannun ya tsaya cak. Ma'aunin kusurwa ya nuna saura wajen digiri 60 kafin ya miƙe sosai. Yatsu biyar suna motsi, tana jin taɓi ko'ina, tsoka na aiki, ƙashi lafiya lau.

"Likita, ai jijiyar ce wutar ta cinye," in ji goggon.

Na ce, "Goggo, da jijiya ce da yatsun nan ba su motsa haka ba. Fatar ce ke jan hannun."

Ta dube ni, ta dubi tabon. "Yo fata tana da ƙarfin jan wani abu ne?"

Tana da shi, kuma aktin ne tushensa.

Aktin furotin ne, yana cikin waɗanda suka fi yawa a ƙwayoyin jikinmu. Brunó Straub ne ya fara ware shi daga tsoka a 1942 a garin Szeged na ƙasar Hangari, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa kayan tsoka kawai, kafin a gane yana cikin ƙwayoyin fata da na jini da na ƙashi ma. Siffa biyu gare shi: ɗaiɗaikun guntaye masu yawo a ruwan cikin ƙwaya, da kuma zare, idan guntayen suka jeru suka manne. Kaurin zaren kusan nanomita 7 ne, sai an jera wajen dubu goma gefe da gefe kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Kowane guntu da ya hau yana ƙara masa tsawon nanomita 2.7. Bakinsa biyu ba halinsu ɗaya ba, ɗaya yana saurin karɓar sabbin guntaye, ɗayan yana da nawa. A goshin ƙwayar da ke tafiya, bakin mai sauri shi ke fuskantar tantanin da ya lulluɓe ta.

To, in bakin zaren ya tokare da tantani, ta ina sabon guntu zai sami wurin shiga? A 1993 Charles Peskin da Garrett Odell da George Oster suka kawo amsar da har yau ake aiki da ita, sannan Alex Mogilner da Oster suka faɗaɗa ta a 1996. A wannan ƙanƙanta babu abin da ke tsaye cik. Ɗumin jiki kaɗai yana sa tantanin karkarwa, zaren ma yana ɗan lanƙwashewa ya dawo. Duk sa'ad da karkarwar ta buɗe 'yar kafa da ta kai nanomita 2.7, sai guntu ya faɗa ciki ya manne, tantanin ya rasa hanyar komawa inda yake. Wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya ga babbar mota ta maƙale a hawan dutsen nan ya san aikin yaron mota: motar ta ɗan yunƙura, ya cusa weji a bayan taya, ta sake yunƙurawa, ya matso da wejin. Shi bai tura motar ba, komawa baya kawai ya hana ta, amma da haka ake kaiwa sama. Kuma gwargwadon nauyin kaya, gwargwadon yadda yunƙurin ke wuya. Haka zaren aktin guda yake, in nauyin da ke gabansa ya ƙaru kafar takan daɗe ba ta buɗe ba, girmansa ya ragu, har ya tsaya. Ƙarfin da ke tsayar da shi ɗan mitsitsi ne. A wani gwaji na 2007, ɗan ƙaramin damin zaruruwa ya daina girma a kusan pikoniyutan 1. Niyutan ɗaya nauyin giram ɗari ne a tafin hannu, pikoniyutan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na wannan.

Da zare ɗaya ne ke aikin da ba a je ko'ina ba. Akwai wani gungun furotin bakwai mai suna Arp2/3, wanda Laura Machesky ta gano a 1994 a ɗakin binciken Thomas Pollard a Amurka. Shi yakan zauna a gefen tsohon zare ya tsiro da sabon reshe a kusurwar digiri 70, reshen ma ya yi nasa reshen, har a sami saƙa mai kauri tana tura goshin ƙwayar gaba. A nan ne abin ya ba masana mamaki. A 2005, a ɗakin binciken Daniel Fletcher a Berkeley, an bar irin wannan saƙa ta girma tana tura wani siririn ma'auni da ke danne ta. Aka ƙara mata nauyi, sannan aka rage, sai ta ci gaba da girma da sauri fiye da yadda take yi a wannan nauyin tun farko. Wato wahalar da ta sha ta bar mata alama. A 2016 Peter Bieling da abokan aikinsa suka ƙirga abin da ke faruwa: in an danne saƙar, tsawonta ba ya saurin ƙaruwa, amma zaruruwan da ke cikinta suna ninkuwa, ta cushe, ta yi tauri, kowane zare ya ɗauki kaso kaɗan na nauyin. A 2017 ɗakin binciken Michael Sixt a Ostiriya ya ga hakan a rayayyun ƙwayoyin fatar kifi. Zare ɗaya yana sarewa in an danne shi, taron zaruruwa kuwa ƙaruwa yake yi.

Da wannan saƙar ce ƙwayoyin saman fata ke rarrafowa su rufe ciwo. In ƙuna ba ta yi zurfi ba, sukan fito daga ragowar saiwar gashi da mafitar gumi da ke warwatse a tsakiyar ciwon, su haɗe cikin mako biyu. Tafasasshen mai kan cinye waɗannan maɓoyan. Ƙwayoyin yarinyar nan sai daga bakin ciwon kawai suka taso, tafiyar ta yi nisa. Likitocin ƙuna sun daɗe da sanin cewa ciwon da ya wuce mako uku bai rufe ba yana yawan barin tabo mai tudu, kuma masu baƙar fata sun fi fuskantar haka. Nata ya ninka wannan wa'adi.

Abin da ya fi shafar hannunta, duk da haka, a ƙarƙashin fatar yake, kuma can ja ne ke aiki ba turi ba. Ƙwayoyin da ke cike ramin ciwo, faibiroblas, su ke zuba kolajin, wato furotin mai ƙarfi da ake gina tabo da shi. Suna kama kolajin ɗin ta wasu maƙalai da ke ratsa tantaninsu, a ciki kuma maƙalan suna haɗe da dogayen damman aktin marasa rassa, waɗanda wani furotin mai suna mayosin ke ja kamar yadda yake yi a tsoka. Mai gina irin waɗannan dogayen zaruruwa wani furotin ne da ake kira fomin, wanda ke zagaye bakin zaren yana tafiya tare da shi yana loda masa guntaye. A 2001 Daniel Riveline da abokan aikinsa suka sa siririn tsinken gilashi suka ja gefen ƙwaya, sai maƙalan da ke wurin suka ƙara girma ta fuskar da aka ja, kuma hakan bai yiwu ba sai da fomin. A 2013, a Faransa, Antoine Jégou da Marie-France Carlier da Guillaume Romet-Lemonne suka ɗaure zare guda ta jikin fomin ɗinsa a kan gilashi, suka sakar masa ruwa yana jansa. Jan da bai wuce 'yan pikoniyutan ba ya sa saurin girman zaren ya kai har ninki biyu. Turi yana toshe kafar da guntu zai shiga, ja kuwa buɗe ta yake yi.

Daga nan saƙon ke wucewa cibiyar ƙwayar, ta hanyar da nake ganin babu mai kyau kamarta a duk wannan fanni. Akwai wani furotin, MRTF, da ɗaiɗaikun guntayen aktin ke riƙewa a wajen cibiya. In ja ya sa fomin ya kwashe guntayen ya mai da su zare, sai masu riƙon su yi ƙaranci, MRTF ya kuɓuce ya shige cibiya, ya kunna umarnin ƙera ƙarin aktin. Ɗakin binciken Richard Treisman a Landan ne ya bayyana wannan a 2003. Girman zaren da kansa shi ne saƙon. Cikin abin da ake kunnawa har da wani nau'in aktin irin na tsokar hanji da ta jijiyoyin jini, wanda ke ƙara wa ƙwayar ƙarfin ja sosai. Faibiroblas ɗin da ta kai wannan mataki ita ake kira mayofaibiroblas, wadda Giulio Gabbiani da Graeme Ryan da Guido Majno suka fara bayyanawa a 1971 a birnin Janiba.

Ga yadda abin ke cin kansa. Ƙwayar ta ja kolajin, ta tattaro shi, ta zuba sabo ta kulle shi a gajarce. Wurin ya ƙara tauri. Taurin ya sa in ta sake ja sai ta ji tirjiya, tirjiyar ta sa ta ƙara zare. Jan nata kuma yana ɓalle wani sinadarin girma mai suna TGF-beta da ke ajiye a cikin naman, shi kuma ya mai da maƙwabtanta irinta. Boris Hinz da Gabbiani sun gwada a ɓeraye a 2001: ciwon da aka riƙe a ɗame ya fitar da waɗannan ƙwayoyi da wuri, da aka sassauta kuma damman aktin ɗinsu suka rushe. A ƙa'ida, in ciwo ya rufe ja ya lafa, ƙwayoyin nan sukan mutu su bar wuri. A 2007 ɗakin binciken Geoffrey Gurtner a Stanford ya nuna cewa in aka ci gaba da jan ciwon ɓera, ƙwayoyin da ya kamata su mutu sai su ƙi, tabon ya yi tudu irin na mutum. Cikin gwiwar hannu kuwa wuri ne da ja ba ya lafawa, kowane motsi sai ya taɓa shi. Ga shi an naɗe hannun mako shida, duk abin da ƙwayoyin suka tattaro babu mai karɓe musu shi. Zaman da ya fi wa mai ƙuna daɗi shi ne zaman da ke ƙage masa gaɓa, wannan ita ce magana ta farko da ake koya wa duk mai aikinmu.

Mai karatu zai iya tsayar da ni a nan ya ce: in ja ne ke ƙara wa ƙwayoyin nan ƙarfi, don me kuke miƙe hannun? Tambayar tana kan hanya, kuma wasu likitocin ƙuna a ƙasar Holan sun yi ta a rubuce a 2012, inda suka ce hujjar ɗaure gaɓa a miƙe ba ta kai yadda ake zato ba, ƙila ma ɗamewar tana ingiza ƙwayoyin. Ra'ayina shi ne ɗaurin ba ya kashe ƙarfin ƙwayoyin, kuma duk wanda ya ce yana yi ya zarce abin da aka sani. Amfaninsa ɗaya ne, yana tsayar da tsawon da za a kulle sabon kolajin a kai. Ja zai kasance ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba. Abin da ke hannunmu shi ne irin jan, da kuma inda hannun zai kwana.

Kawun yarinyar ya zo da tasa shawarar. Ya ce akwai mai ɗori a unguwarsu, a kai ta a ja hannun sau ɗaya a huta. Na ce masa, "Alhaji, mai ɗori ya san ƙashi, ban raina masa ba, amma nan babu ƙashin da ya goce. In aka fizge shi fatar za ta tsage, a koma sabon ciwo." Tsagewar ba a fata kaɗai take tsayawa ba. Sabon rauni yana tada kumburi, kumburi ya sako ƙarin TGF-beta, ƙwayoyin da suka fara lafawa su sake tashi, a wayi gari tabon ya fi na da kauri. Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada namu na wata biyu.

Abin da muka yi ba shi da tsada. Muka naɗe hannun da auduga, muka miƙe shi a hankali har daidai inda tsirin fatar ya fara yin fari, muka ɗan koma baya kaɗan, sannan muka shimfiɗa simintin asibiti rabin zagaye. Mahaifiyar ce ke riƙe wuyan hannun yayin da simintin ke ɗaukar ɗumi yana daskarewa, ni kuma yatsuna biyu na kan gwiwar don kada ta zame. Da shi take kwana, da shi take hutun rana. Duk mako a sake sabo, a ƙara 'yan digiri. Da rana kuwa a cire, don gaɓar da ba ta motsi ita ma ƙagewa take yi ta wata hanyar. Muka ce ta riƙa shanya da kwashe shanya, ta yi shara da hannun dama, ta yi rubutu a saman allo. Mahaifiyar da kanta ta ƙirƙiro ma'auninta: ta tsayar da yarinyar jikin katanga duk Juma'a, ta ja layi da gawayi a inda yatsunta suka kai. Ana shafa man kaɗanya ana murza tabon da babban yatsa safe da yamma. Na gaya musu gaskiya cewa man ba ya narkar da tabo, bushewa da ƙaiƙayi yake ragewa, kuma yaron da ba ya sosawa ya rage wa tabonsa tsokana.

Matsi ne ya ba mu wuya. Ana son tabo mai tudu ya zauna a matse kusan awa 23 a rana har watanni. Wani tela ya ɗinka mata hannun riga da yadi mai talewa, ya zauna daidai. Amma Maris da Afrilu a Garwa zafi yakan haura digiri 40. Cikin 'yan kwanaki ƙurajen zafi suka feso a ƙarƙashinsa, wani wuri ya fara saɓulewa. Muka janye shi zuwa dare da sanyin safiya kawai, don tabo a sake ya fi sabon ciwo a matse. Ba a koma sa shi yini guda ba sai da ruwa ya sauka.

Zuwa watan Agusta, abin da ya rage kafin hannun ya miƙe ya sauko daga digiri 60 zuwa wajen 20. Tana cin abinci, tana rubutu, tana ɗaura kallabi da kanta. Daga nan layin gawayin ya daina hawa. Tsirin fatar yana nan, ya sirance amma bai tafi ba, kuma in ka danna tabon da yatsa ka ɗaga, jini yana dawowa nan take, alamar har yanzu aiki bai tsaya a ciki ba. Likitan tiyata ya duba ya ce a jira. Tabon ƙuna yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya nuna, wato ya yi laushi, ya kwanta, jan launin ya dushe, kuma yanka shi yana ɗanye tamkar kiran ƙwayoyin ne su dawo bakin aiki. Tunda hannun yana yi mata amfani, babu dalilin gaggawa.

Aikin da ya tsara shi ma lissafin ja ne. Zai tsaga fatar a siffar harafin Z, tsakiyar harafin a kan tsirin, ya ɗaga ɓangarori biyu masu kusurwa uku ya musanya musu wuri. In kusurwoyin digiri 60 ne, a lissafi layin yakan ƙara tsawo da kashi 75 cikin ɗari, ko da yake a jikin mutum ba a cika kaiwa nan ba. Sabon ɗinkin kuma zai kwanta ne a gicciye, bisa lanƙwasar gwiwar, inda miƙe hannu ba zai riƙa jansa daga wannan baki zuwa wancan ba. Bayan aikin za a koma simintin dare na wasu watanni. Mun kuma shaida wa iyayen cewa ko an yi nasara sai an riƙa auna hannun sau biyu a shekara har ta gama girma, domin ƙashin yaro yana tsawo, tabo kuma ba ya binsa da sauri ɗaya, kuma yawanci a shekarun balaga, lokacin da tsayi ke zuwa da sauri, ake ganin tsirin ya sake ɗamewa.